Jatan lande a kan dutsen gishiri

Asabar, Karachi

Yau na cika alƙawarin da na yi wa Yaya tun saukarta daga Kano, cewa ba za ta koma ba sai ta ci kifin teku da aka gasa a kan gishiri. Da sassafe maigida ya tafi wajen masunta, ya dawo da manyan jatan lande da kifin da mutanen nan ke kira surmai. Lokacin sanyi ne, kifi ya wadata a gari.

Da na fito da dutsen, Yaya ta ɗaga shi ta jujjuya, ta ce, "Maman yara, wannan ai kantu ne, irin na Bilma da ake ba shanu su lasa." Na ce, "Yaya, ɗan'uwansa ne. Sai dai na Bilma ruwan gishiri ne rana ke ƙafarwa a cura shi, wannan kuwa daga cikin tsauni aka yanko shi." Daga mahaƙar Khewra yake, a gundumar Jhelum ta lardin Punjab a nan Pakistan, kuma ɗan sinadarin ƙarfen da ke cikinsa ne ya ba shi wannan ja-jan launi. Da na gaya mata har ƙaramin masallaci aka gina da tubalin gishiri a cikin mahaƙar, sai ta ce tabarakallah.

Aikin duka yana wajen ɗumama shi. Kaurinsa inci 2 ne, kuma idan aka sakar masa wuta lokaci guda, tsagewa zai yi. Na ɗora shi a bushe a kan murhun gas, minti 15 a wuta ƙasa-ƙasa, 15 a matsakaiciya, 15 a babba. Yana ta ƴar ƙara, ƙas-ƙas, launinsa yana dusashewa, wasu siraran layuka suna fitowa a jikinsa. Na ɗiga masa ruwa da yatsa, ɗigon ya yi tsalle ya ɓace nan take. To, ya kai.

Kifin na fara gasawa saboda maƙwabciyata da na gayyato. Ita Bahanafiya ce, malamansu sun yi saɓani a kan jatan lande, don haka ba ta ci. Mu a Malikiyya duk abin da ke cikin teku halal ne, amma ban so nata ya haɗu da abin da take gudu ba. Na yanka surmai siri-siri, na tsane shi sosai da tsumma mai tsabta, na shafa ɗan mai da tafarnuwa da masoro. Ko ƙwayar gishiri ban sa ba. Tsanewar nan ita ce komai, domin damshi ne ke narkar da fuskar dutsen ya shigar da gishiri cikin nama. Jiƙaƙƙen kifi, ko wanda ya daɗe a kai, ba zai ciwu ba. Jatan landen kuwa minti 2 kowane gefe, da sun lanƙwashe sun yi ja sai in kwashe.

Na kai dutsen tabarma a kan katako mai kauri, da zafinsa, muka ƙarasa gashin a gaban kowa, da lemun tsami da yajin da Yaya ta zo da shi. Gishirin ya tsaya a bayan naman kawai, cikin kuma ɗanɗanon teku ne zalla. A ganina ya fi na kasko nesa ba kusa ba, amma ba girkin kullum ba ne, gas ɗin da yake ci kaɗai ya isa dalili.

Sai bayan isha'i ya huce. Ba a sa masa sabulu, ba a tsoma shi a ruwa. Na kankare shi da soso mai ɗan damshi, na goge, na jingine shi ya bushe, don iskar Karachi akwai laima. Yaya ta ce a nemo mata guda biyu kafin ranar tafiyarta, tana so ta gwada tsire a kai. Maigida ya ce ta fara auna nauyin jakarta tukuna.