Aljanu 28 da jarrabawar da na faɗi

Daren jiya wajen ƙarfe biyu na leƙa ɗakin ɗan ƙanwata, na tarar da shi ƙudundune cikin bargo, hasken na'urar wasa ta Switch na haska masa fuska. Jibi yake da jarrabawa. Na ce me kake bugawa? Ya ce, "Kawu, wani tsohon gem ne, Golden Sun, ba za ka san shi ba." Ni zai gaya wa!

A 2001 wasan, wanda kamfanin Camelot ya ƙirƙira, ya fito a Game Boy Advance, na'urar da ko haske babu a fuskarta, sai ka raɓa jikin fitila kana ƙanƙance ido. Haka na raba dare ina farautar 'yan aljanun da suke kira Djinn, guda 28, bakwai-bakwai na ƙasa da wuta da iska da ruwa. A shekarar na faɗi lissafi, kuma har yau idan na tuna fuskar mahaifina sai jikina ya yi sanyi.

Amma tsakani da Allah, wasan ya haɗu. Ka ɗora wa Isaac, jarumin wasan mai sihirin ƙasa, aljanin da ba na ƙasa ba, sai matsayinsa da sihirinsa su canza. Ka saki aljanunka a fagen daga, ƙarfinka ya ragu, amma ka samu damar kiran wani gagarumin dodo. Da sihirin nan kake tura ginshiƙi, ka daskarar da kududdufi ya zama matakala, har ka karanta zuciyar mutane. Wannan ai shi ma lissafi ne, ko ba haka ba? Abin da na riƙa gaya wa kaina ke nan, sakamako kuwa bai yarda ba.

Aibinsa ma na sani. Surutu kamar me, a tambaye ka i ko a'a alhali duk wadda ka zaɓa labarin bai canza ba. Taku kaɗan, faɗa. In abokin gabar da ka nufa ya riga ya mutu, jaruminka sai ya tsaya kare kai maimakon ya sari na kusa. Ga shi labarin a tsakiya ya yanke, sai ka nemi kashi na biyu, The Lost Age. Don in kai aljanuna can na kwafi kalmar sirri mai haruffa 260 da hannu, na kuskure ɗaya, na sake daga farko.

Na shirya masa nasiha mai tsawo, abin da ya fito bai fi uku ba. Ajiye shi sai bayan jarrabawa. Kada ka buɗe YouTube a nuna maka hanya, ku yaran yanzu minti biyu ba kwa iya yi a gaban ƙofa a rufe. Amma dai ka duba inda aljanun suke, don ni neman aljani ɗaya tak wata guda cur ya ci mini.

Ya ce, "To, Kawu." Na karɓe na'urar na tafi da ita ɗakina. Yaron ko aljanun Ivan, abokin tafiyar Isaac, bai jera daidai ba, sai da na gyara masa.