Kilon da na rage da kafson ganye, hantata ce ta biya kuɗinsa

Jama'a wallahi har yanzu idan na ga an rubuta "ganye zalla, babu kemikal" a jikin robar maganin rage ƙiba sai in ji raina ya ɓaci. Abu biyu nake sha a lokacin, shayin dare da kafson koren shayi da aka ce in haɗiya da safe kafin in sa komai a ciki, wai a lokacin ne ya fi ƙona kitse. Da farko kam sikeli ya sauka, siket ya fara yi min yawa a ƙugu, ina ta murna. Sai dai kullum da asuba murɗawar ciki ce ke tashina, in zauna a banɗaki ina haɗa gumi, mai sayarwa kuma ta ce ai dattin jiki ne ke fita, in daure.

Wane datti? Filasko ne a cikin shayin, an rubuta senna da ƙananan baƙaƙe a gefen kwali. Shi a babban hanji yake aiki, kafin nan ƙaramin hanji ya gama tsotse abincin, ruwa kawai yake kwashewa da su potassium, kitse yana nan daram. Ina ajiye shi kilo ya dawo.

Wannan duk mai sauƙi ne, kafson ne ya ba ni tsoro. Kasala ta rufe ni, abinci ya fita a raina, fitsari ya yi duhu, na je aka ɗebi jini sai ga ALT, sinadarin da ke nuna ko hanta ta taɓu, ya haura sosai. Likita ya dube ni ya ce "Hajiya, me kike sha bayan abin da muka rubuta miki?" Na ce ba komai sai koren shayi, ya ce na kofi ko na kafso? Ashe nan gizo ke saƙar. Hukumar kula da ingancin abinci ta Turai ta faɗa tun 2018 cewa EGCG, wato sinadarin koren shayi da ke cikin irin waɗannan kafso, daga miligiram 800 a rana, yana iya tayar da sinadaran hanta, kuma shansa da cikin da babu komai yana sa ya fi shiga jini, wato daidai yadda aka ce in sha! Robar tawa ko adadin ba ta rubuta ba.

Abin haushin, masu binciken Cochrane, ƙungiyar da ke tace binciken lafiya, da suka tattara gwaje-gwajen koren shayi a 2012 sun ga ragin ƙibar bai taka kara ya karya ba. Kuma a Amurka tun dokar 1994 ana fitar da irin waɗannan kaya kasuwa ba tare da FDA, hukumar abinci da magunguna ta ƙasar, ta fara amincewa da su ba, ephedra ma da ake sawa a maganin rage ƙiba ganye ne amma sai da ya taɓa zukatan mutane aka hana shi a 2004, sibutramine kuwa, maganin rage ƙiba na kemikal da aka janye a 2010, an sha kama shi a ɓoye cikin kafson da aka ce ganye ne zalla.

Alhamdulillah tawa hantar ta dawo daidai bayan na daina, amma sai da na yi ta sintirin gwajin jini. Duk wadda ke sha ta ga idonta ya fara rawaya ko fitsari ya yi duhu, don Allah ta tsaya nan take, ta tafi asibiti da robar a hannu, likita zai so ya karanta abin da ke jikinta.