Mota na kwana a Kano, takardunta na Legas

A shekarar 2021 na sayi wata Corolla 'yar Kwatano a Legas. Ina zaune a Agege, can sana'ata take, amma gidan da na gina yana Kano, a Rijiyar Zaki, kuma can Hajiya take da ƙannena biyu. Duk sanda na je gida sai dai adaidaita sahu ko aron motar aboki, ranar asibitin Hajiya kuwa sai an yi ta buga waya ana neman wanda zai taimaka. Shi ya sa na ce gara a ajiye mota a gida, in na zo in hau, in ba na nan ƙanena ya riƙa kai ta duk inda za ta.

Da yake a Legas aka yi ciniki, a Legas na yi mata rajista. Ko minti ɗaya ban tsaya tunani ba. Aka ba ni lamba mai farawa da KJA, wato Ikeja, na haɗa takarduna a leda, gab da babbar Sallah na tuƙo ta zuwa Kano. Ba wata doka da na karya, domin lambar kowace jiha tana yawo ko'ina a ƙasar nan. Abin da na manta shi ne takardun mota shekara ɗaya suke yi su mutu, kuma wasunsu ba sa sabuntuwa sai an ga motar ido da ido.

A farkon 2022 Legas ta ce ba za ta ƙara ba da takardar shaidar lafiyar mota ba sai an shigar da motar wurin gwajin na'ura, an duba birki da fitilu da sauransu. Tsari ne mai kyau ga wanda motarsa ke kwana a Legas. Tawa kuwa tana can nesa, tafiyar kusan kilomita dubu. Kuɗin man zuwa da dawowa kawai ya ninka kuɗin takardar sau da yawa. Ina cikin wannan lissafi wani ya haɗa ni da wani dillali, irin masu tsayawa a bakin ƙofa suna tambayar mutum me za a yi masa. Ya ce, "Alhaji, kada ka damu, turo hoton tsofaffin kawai." Bayan kwana uku ya kawo mini takardu sababbi fil, har da inshora, na ba direban motar haya ya kai wa ƙanena. Shekara uku a jere muna haka.

Da na kula, da tun a 2023 na gano akwai lauje cikin naɗi. Daga 1 ga Janairun 2023 ɗin hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗin inshorar dole ta motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000, ta kuma ɗaga iyakar abin da ake biya kan ɓarnar dukiyar wani daga miliyan ɗaya zuwa miliyan uku. Dillalina bai ƙara mini ko kwabo ba. Ni kuwa har daɗi na ji, na ɗauka mutunci ne.

Da daminar 2024, wata ranar Laraba bayan la'asar, ƙanena ya kira ni muryarsa na rawa. "Yaya, na daki bayan wata Sienna a danja. Ba wanda ya ji ciwo, amma ƙofar but ɗinta ta lotse, fitila ta fashe." Na ce ya kwantar da hankalinsa, ai muna da inshora, ya duba sunan kamfanin da ke jikin takardar. Washegari na je ofishin kamfanin da kaina. Matar da na samu ta buga lambar motar a kwamfuta, ta sake bugawa, sannan ta juyo mini da fuskar kwamfutar. Ba su taɓa jin labarin motata ba. Tambarinsu ne a takardar, amma lambar yarjejeniyar ƙirƙira ce. Ita ce ta nuna mini cewa da na danna *565*11# a wayata na sa lambar mota, da rumbun bayanan kamfanonin inshora ya faɗa mini gaskiya tun ranar farko. Gyaran Sienna daga aljihuna ya fita, kuma ya haura kuɗin inshorar gaske ta shekara goma. Dillali kuwa, wayarsa a kashe har yau.

Zuwan da na yi bayan nan, mako guda na ware don wannan aiki kawai. Na yanke shawarar mayar da rajistar Kano gaba ɗaya. Na ɗauki takardar kwastan, rasit ɗin saye, takardar mallaka, tsohuwar takardar lamba da katin ɗan ƙasa, na tafi ofishin lasisin mota da motar kanta. Suka buɗe bonet suka gwada lambar inji da ta shasi da abin da ke rubuce, na biya ta banki na riƙe rasit. Sabuwar lambar ba ta fito a makon ba, ƙanena ne ya karɓo bayan na koma. Hajiya da ta ga "Kano" a jiki cewa ta yi, "To yanzu ta zama 'yar gida."

Inshora ce ta fi cin mini lokaci, domin a nan ne na gane ban san abin da nake saye ba duk shekarun nan. Ta dole ɗin nan, wadda aka fara kafa dokarta a 1945, ba ruwanta da motarka. Wanda ka buge take biya, shi da dukiyarsa. In aka sace taka ko ta ƙone, sai dai haƙuri. Wadda ke ɗaukar komai kuwa ba ta gaza kashi biyar cikin ɗari na darajar mota a shekara, wato in an yi wa mota kuɗi miliyan takwas, dubu ɗari huɗu ke nan. Na yi ta juya lissafin, domin mota ce da ke wata tara a shekara ba na ganinta. Daga ƙarshe na tsaya a ta dole, na sa sauran kuɗin a ƙofar gareji mai ƙarfi. Wani zai ga akasin haka, kuma ba zan ce ya yi kuskure ba, musamman in motar sabuwa ce.

Na zaɓi takaful, wato inshorar Musulunci, saboda Hajiya ta daɗe tana ɗari-ɗari da inshora, kuma tsarin gudummawa da raba rarar da ta saura ya fi kwanta mata. Wajen cike fom, jami'in ya tambayi inda motar ke kwana, wa ke tuƙa ta, da aikin da take yi. Har na fara rubuta adireshin Agege saboda sabo, ya tsayar da ni. Ya ce ranar biyan diyya abin da ka rubuta ake dubawa. Nan ne ƙanena ya sunkuyar da kai, ashe yakan ɗan yi lodin fasinja zuwa Gwarzo in mai ya ƙare masa. Motar da aka yi wa inshorar gida, in ta yi haɗari tana haya, kamfani na da hujjar zare hannunsa. A mota muka ƙarasa wannan magana, ba a gaban mutane ba.

Ranar 1 ga Fabrairun 2025 'yan sanda suka fara kamen marasa inshora a faɗin ƙasa. A makon aka tare ƙanena a hanyar kai Hajiya asibiti, suka duba lambar a waya, suka miƙo masa takardunsa. Yanzu duk takardun a wata guda suke ƙarewa, na sa ranar a wayata da tasa, kuma kowace Juma'a yana tayar da motar ya zaga unguwa, tun da ɓera ya taɓa cinye mana wayoyin fitila a zaman da ta yi na wata biyu.