Ku san hanyar da saƙo ke bi kafin ku ce za ku tsare shi

Ɗan ƙanwata yana aji biyu a jami'a, tsaron intanet yake karanta. Da ya zo hutu na tambaye shi kwas ɗin tushen netwok, sai ya ce min, "Kawu, ai wannan hadda ce kawai, ni yanzu Kali Linux nake yi." Kali tsarin kwamfuta ne mai cike da kayan gwada kutse. Har yana juyo min kwamfutarsa in ga baƙin allo da koren rubutu. Raina ya ɓaci, don na riga shi faɗin wannan magana.

Ni ma haka na raina kwas ɗin. Malam yana gaban allo yana zana matakai bakwai na OSI, wato taswirar yadda saƙo ke bi a netwok, yana bayanin yadda kwamfutoci biyu ke musayar saƙo uku a tsarin TCP, ƙa'idar da suke bi wajen aika bayanai, kafin su fara aika komai, ni kuwa ina bayan aji ina sauke manhajar gwada kutse ta Metasploit da datar da na saya da kuɗin abinci. Lissafin raba adireshin IP, lambar da ake gane kowace na'ura da ita a netwok, sai ana gobe jarabawa na haddace, na juye a takarda, na fito na manta. Na ci kuma, da maki mai kyau.

Gaskiya ba laifina ba ne ni kaɗai. Ɗakin kwamfutocinmu yawanci ba wuta, rauta ma, na'urar da ke tura saƙo tsakanin netwok da netwok, a zane muka san ta. Ka ba yaro ɗan shekara ashirin zaɓi tsakanin zanen alli da manhajar da aka ce tana buɗe kwamfutar wani, me kake tsammani? Sai dai akwai 'yan ajinmu da suka zauna a wannan ɗaki mai zafi suka fahimci abin, don haka uzurin nawa bai kai ko'ina ba.

Asirina ya tonu a watan Mayun 2017, lokacin da muguwar manhajar neman kuɗin fansa ta WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Ina aiki a wani ƙaramin ofis. Oga ya ce in duba ko ƙofar netwok ta 445, wadda WannaCry ke shiga ta cikinta, a buɗe take daga waje, sannan in ware kwamfutocin sashen kuɗi daga sauran. Na kunna Nmap, manhajar duba ƙofofin da ke buɗe, da sauri, wannan kam na iya. Sakamako ya fito, na zuba masa ido. Ban san mene ne SMB ba, wato tsarin raba fayiloli na Windows da ke amfani da wannan ƙofa, ban san yadda ake yanka netwok gida biyu ba. Wani dattijon ma'aikaci da bai taɓa shiga jami'a ba ne ya ja kujera ya yi aikin ina tsaye a kansa. Har yau in na tuna sai na ji kunya. Kuma abin da ya ceci mutane a lokacin shi ne rufe ƙofar da sanya gyaran da Microsoft ta fitar tun watan Maris, wato ainihin irin aikin da nake ganin ya yi min kaɗan.

Na yi niyyar jero muku shawarwari da yawa, ƙannena, amma kaɗan ne suka rage. Ku shiga aji. Ku buɗe Wireshark, manhajar kallon saƙonnin da ke wucewa a netwok, a kwamfutarku ku kalli yadda tambayar DNS, wato neman adireshin IP na sunan shafi, ke fita ta ƙofa ta 53 da yadda amsa ke dawowa, ku yi ta kallo har sai kun iya bayaninsa da bakinku. Ku ajiye Kali sai kun gama wannan.

A'a, kada ma ku ajiye ta gaba ɗaya, hannu ma yana buƙatar sabo. Amma ku kai wa kwamfutarku hari, ba ta wani ba. Dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015 ta haramta shiga na'urar mutum ba izini, akwai ɗauri a kai, kuma Wi-Fi na hostel ba na gidanku ba ne.

Abin da ke ƙona min rai shi ne ku ba ku da uzurin da muke da shi. Packet Tracer, manhajar kwaikwayon netwok, kyauta ne, za ka haɗa rauta da kwamfutoci goma kana kwance a katifa. Amma ina! Bidiyon minti ɗaya a TikTok kuke so ya mayar da ku ƙwararru, kuna lissafin albashin dala alhali ba ku iya faɗin adireshin IP nawa ne a cikin rukunin netwok da ake rubutawa /24 ba. 256 ne, 254 ake ba wa na'urori. Ku je ku gano ina sauran biyun suka tafi.