Yadda muke zaɓar wa doki fili a kewayen Yamai

Sana'armu ita ce nemo wa masu dawaki fili a kewayen birnin Yamai, da tantance takardunsa, da gina barga a cikinsa har doki ya shiga ya kwana lafiya. Ƙaramar ma'aikata ce, ni da ƙanena da wasu magina da muka daɗe muna aiki tare, amma abin da muke yi ya sha bamban da dillancin filaye da aka saba gani, domin mai zaman wurin dabba ce mai nauyin kilo 300 ko fiye, wadda take tsaye bisa ƙafafunta mafi yawan dare da rana, take iya shan ruwa lita 40 a ranar zafi, kuma ba ta da bakin da za ta gaya wa ubangidanta cewa wurin bai karɓe ta ba sai ya ga ta fara ramewa.

Yamai gari ne na masu son doki. Duk wanda ya taɓa zuwa filin sukuwa ranar da ake tsere ya ga yadda jama'a suke cika shi, kuma yawancin masu dawakin nan sun taho da son ne daga gida: wani daga Dosso inda aka san mahayan Zarmakoy, sarkin garin, da lifidinsu, wani daga Arewa, wani daga Adar ko Damagaram inda hawan salla yake da daraja. Sai dai birnin ya cika ya batse, gidajen da ake yankawa yanzu ba su wuce murabba'in mita 300 ko 400 ba, kuma wanda ya kafa turke a ƙofar gida ba ya daɗewa bai samu saɓani da maƙwabta ba a kan ƙuda da wari. Shi ya sa ido ya koma bayan gari, hanyar Kollo da Libore, hanyar Filinge wajen Hamdallaye, hanyar Wallam, da ƙetaren kogi ta hanyar Say da ta Torodi.

Abu na farko da nake dubawa shi ne ƙasar da kofato zai taka, kuma wannan a wurin kawuna na koya a Dogon Dutsi, inda na tashi ina yi masa yankan ciyawa da share barga. Idan zai kafa sabon turke sai ya tuɓe takalmi ya zagaya wurin da ƙafa, sannan ya ce mini, “Kai yaro, haƙa mini nan kamu ɗaya.” In na haƙa sai ya sa in cika ramin da ruwa, mu zauna a inuwa yana kallon yadda ƙasar take shanye shi. Ramin da ya riƙe ruwa har la'asar ba ya ɗaure doki kusa da shi ko da kyauta aka ba shi wurin, domin laka mai riƙe ruwa tana jiƙa kofato da damina har cikinsa ya ruɓe ya yi wari, da rani kuma ta bushe ta tsage ta zama tarkon ƙafa. Fako da marmara su ma yana gudunsu, saboda suna cinye kofaton dokin da ba a yi wa takalmin ƙarfe ba, ga shi dawakinmu galibi haka suke tafiya. Abin da yake so shi ne jigawa mai ɗan ƙarfi, wadda ruwa yake wucewa cikinta amma ƙafa ba ta nutsewa, da gefe guda mai rairayi mai laushi inda doki zai yi birgima bayan an sauke masa sirdi. Har yau da shebur da jarkar ruwa nake zuwa duba fili, kuma ban taɓa sa hannu a cinikin wurin da ban haƙa ba.

A nan ne muke rabuwa da ƴan kamashon bakin titi, waɗanda suka ga masu dawaki suna da abin hannu, sai kowane kangon fili ya zama “filin doki” a bakinsu. Suna kai mutum a watan Afrilu, lokacin da ko'ina ya bushe ƙayau, su nuna masa wurin ta tagar mota, su ce ga kogi kusa, ga ciyawar burgu, ga iska mai daɗi. Ba sa gaya masa cewa a watan Satumba na 2020 ruwan kogin Kwara ya kai kusan mita 7 a ma'aunin Yamai, ya fasa madatsar Lamorde, ya shiga Kirkisoy da Saga da sauran unguwannin bakin ruwa. Ba sa gaya masa cewa kogin nan cika biyu yake yi, jan ruwa na damina a Agusta da Satumba, da kuma wanda yake gangarowa daga Gini ya iso wajen Janairu. Mutum yana iya kwashe iyalinsa cikin dare ya hau tudu, amma fitar da ingarma a firgice daga bargar da ruwa ya kai masa gwiwa aiki ne da yake karya ƙafar doki, wani lokaci har da ta mai jansa. Ko ruwa bai shigo ba, fadama gidan sauro ce da ƙananan ƙwari masu cizo da magariba, kuma ta bakin irin waɗannan ƙwari ne wasu munanan cututtukan dawaki suke yaɗuwa. Nesa da kogi ma akwai kwari da ƙoramu da suke kwance shiru wata tara, ranar da aka yi ruwan sama mai ƙarfi su taso da yashi su cinye rabin fili. Saboda haka nake roƙon duk mai son saye ya yi haƙuri mu je tare cikin Agusta, washegarin ruwa, mu ga inda ruwan ya bi da inda ya kwanta. Gani ya kori ji.

Bayan ƙasa sai ruwan sha. A gefen gabas, wajen hanyar Dosso da ta Filinge, an fi samun ruwa idan aka yi foraj, wato rijiyar burtsatse, amma a ƙetaren kogi ƙasar tana bisa dutse, kuma ana iya haƙawa da nisa a samu ɗan abin da bai isa dawaki uku ba. Nakan zagaya maƙwabta in tambayi zurfin rijiyoyinsu, in ɗanɗana ruwan da kaina, in tambaya ko yana janyewa a watan Mayu, domin rijiyar da take cike bayan damina ba shaida ba ce. Inda aka dace, muna sa famfo mai aiki da hasken rana da tankin da zai riƙe ruwan kwana biyu.

Maganar takardu kuwa ba na sassauta ta ko kaɗan. Yawancin filayen bayan gari gonakin gado ne, kuma gonar gado tana da masu ita da yawa, wasu suna nan, wasu suna Kwatano ko Legas suna neman abinci. Tun dokar tsarin karkara ta 1993 aka kafa hukumomin kula da filaye da ake kira Kofo, daga matakin ƙauye zuwa na komin da na dapartama, kuma ta hannunsu da na maigari ake samun takardar shaidar mallakar gargajiya da ta sayarwa. Muna zama da magada gaba ɗaya, mu kira masu gonakin da ke iyaka ta kowace kusurwa su tsaya a kafa duwatsun iyaka a gabansu, mu kawo mai awon ƙasa, sannan mu bi hanyar da za ta kai ga titir fonsiye, wato takardar mallaka ta gwamnati. Muna kuma tabbatar da cewa wurin bai shiga burtali ko makiyaya ba, domin dokar kiwo ta 2010 ta hana a mallake su, kuma bai taɓa dajin bedi da aka fara dasawa a kewayen birnin tun 1965 ba, inda rigimar filaye ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Ɗan kamasho yana kawo takarda guda mai hatimi ya ce an gama. Na ga bawan Allah da ya gina katanga da barga a kan irin wannan takarda, bayan shekara wani magaji ya dawo daga tafiya ya ce ba da saninsa aka sayar ba, dawakin suka koma ɗaure a gidan aro ana ta zaryar shari'a.

Ginin bargar shi ne inda nake alfahari da hannun mutanena. Hadarin damina daga gabas yake taso mana, iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas, rana ta la'asar tana dukan yamma, don haka muna juya wa gabas baya mu buɗe bakin barga ta kudu, mu saki rufi ya zarce don inuwa. Kowane ɗaki muna ba shi mita 4 a kan mita 4, yadda doki zai juya ya kwanta ya tashi bai bugi bango ba. Rufin tol, wato kwano, muna ɗaga shi sama da mita 3, mu shimfiɗa zana ko kara a ƙarƙashinsa, mu bar tazara tsakaninsa da bango, domin a Afrilu da Mayu zafin Yamai yana wuce digiri 40, kuma tol maras tsawo tanda ce ga dabbar da ke ƙarƙashinsa. Ba ma yin daɓen siminti mai santsi. Jar ƙasa muke dakawa da ɗan gangare don fitsari ya fita, mu zuba rairayi mai tsabta a kai wanda za a riƙa sauyawa. Ginshiƙai na ƙarfe muke sawa ko mu zuba musu siminti a gindi saboda gara. Komin abinci kuma dole ne a gina shi, domin dokin da ake zuba wa dusa da gero a ƙasa yana haɗiyar yashi kaɗan-kaɗan har ya taru ya murɗe masa ciki, kuma wannan ciwon ya kashe dawaki masu tsada a garin nan. Shinge ba ma yarda da waya mai ƙaya. Idan mun tarar da gawo a fili muna tsara ginin ne ya kewaye shi, saboda yana ba da inuwa da rani lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe, ƴaƴansa kuma abinci ne.

Wani lokaci mai saye yakan dubi lissafin ya ce, “Malam, wane ya ce zai yi mini da rabin wannan.” Nakan amsa masa, “Alhaji, Allah ya ƙara girma, a tambaye shi tsawon rufinsa da irin daɓensa, a kuma tambaye shi ko ya taɓa kwana a barga yana jiran goɗiya ta haihu.” Wanda ya sayi doki da kuɗin da ya kai na mota bai kamata ya tsaya yana taya kwanciyarsa kamar ana cinikin albasa ba, kuma sau da yawa mu ake kira daga baya mu rushe aikin arahar mu sake.

Saura hanya da abinci. Ina son fili ya kasance inda amalanke da mota za su shiga ko da damina, da rumbu ko rumfa mai tsawo da za ta ɗauki harawar wake da ta gyaɗa ta shekara, domin wanda ya saya bayan girbi a Oktoba da Nuwamba ya huta da tsadar bazara. Wanda yake hanyar Filinge yana da sauƙin kasuwar Balleyara ta ranar Lahadi, na cikin gari kuma yana da kasuwar dabbobi ta Turaku. Mai dokin sukuwa ya lissafa nisansa da filin tsere, ya kuma tuna cewa idan yana Harobanda sai ya ƙetare gada da dabbarsa. Gadoji uku ne yanzu, ta Kennedy da ta biyu da aka buɗe a 2011 da ta Janar Seyni Kunce, amma ba kowane doki ne yake jure ƙarar manyan motoci ba. Dole kuma a samu hanyar kilisa mai yashi wadda ba ta ratsa gonakin mutane, saboda dokin da ba ya fita safe da yamma yana lalacewa, kuma sukuwa cikin geron maƙwabci tana ɓata zaman da aka fara da kyau. Takin barga ma muna ware masa rami a ƙarshen fili ta inda iska ba za ta maido da wari ba, masu lambu na bakin kogi suna zuwa su saya.

Ranar da za a kawo doki nakan je da kaina tun da asuba, in sa a cika komin ruwa, a ajiye kanwa, in zagaya da shi cikin filin a ragama ya shinshina kowace kusurwa kafin a kai shi ɗakinsa. Mai kula da shi muna gina masa ɗaki inda zai ji motsin barga cikin dare, kuma ina komawa bayan ruwan farko na damina in duba inda ya bi, in gyara gangaren da yake buƙatar gyara ba tare da na karɓi ko dala ba.