Yawon ƙafa a duwatsun Kutus

Daga Damagaram muka hau mota muka bi babbar hanyar gabas zuwa Gure, tafiyar kimanin kilomita 160, sannan muka yi arewa zuwa Kelle da ke gindin duwatsun Kutus. A nan mota ta tsaya, ƙafa ta karɓa. Bayan kaka ne, hatsi ya shiga rumbu, hunturu ya fara busawa. Mai son yin wannan tafiya a watan Afrilu ko Mayu, to ya fara neman gafarar iyayensa.

Mu ƴan Damagaram muna ganin babu mai koya mana zancen ruwa. Garinmu bisa dutse yake zaune, kuma ƙarancin ruwa na cikin dalilan da suka sa Faransawa suka ɗauke babban birnin Nijar daga nan suka mayar da shi Yamai a 1926. Amma a gari, ko famfo ya ɗauke, akwai mai ga-ruwa. A Kutus rijiya ce ke tsara maka tafiya. Dattijon da muka yi hayar jakinsa bai taɓa lissafa mana hanya da kilomita ba. Sai ya ce: "Samari, yau za mu kwana inda rijiya take, gobe kuma sai mun cika jarkoki, don ƙauyen gaba nasu ruwan daga nesa suke ɗaukowa." Hanyar da muka zana kafin mu taso ta miƙe sambal, tasa kuwa tana ta kewaye, kuma tasa muka bi. Wasu rijiyoyin suna da zurfin da sai raƙumi ko sa ne ke jan wasaki, ga garken Fulani da na Buzaye suna jiran layi. Baƙo ba ya kutsawa. Ka yi sallama, ka tsaya gefe, mai jan ruwa da kansa zai ce ka miƙo jarkarka.

Muna tashi da an sallame asuba, hantsi na ɗagawa mu nemi gindin aduwa, sai la'asar mu ci gaba. Hawan ba shi da tsawo, tsakuwa ce mai zamewa da ƙarangiya ke gajiyar da mutum. Takalmin roba irin na makiyaya ya fi mai tsadar da abokina ya saya a kasuwar Dole.

Ƙauyukan yawanci na Dagira ne, wani reshe na Barebari, Barbarci suke yi a tsakaninsu, amma da Hausa ana fahimtar juna. Ko'ina muka isa, ƙofar maigari muke fara nufa.

"Baba, baƙi ne daga Damagaram, muna neman wurin kwana."

"To, madalla. Ku fara shan ruwa tukuna."

Sai fura ta biyo baya, da dare kuma tuwon hatsi da miyar kuka. Kada ka ciro kuɗi ka ce za ka biya abinci, cin fuska ne. Goro, sukari da ganyen shayi su ne abin da za ka ajiye gaban mai gida, kuma ka ɗauko da yawa, don nauyinsu jaki ne zai ji. Abin da aka fi roƙonmu shi ne maganin ciwon kai da na ido, saboda likita na da nisa.

Kafin ka bar Gure ka sanar da jandarmomi inda ka nufa da ranar dawowa, don da ka shiga tsakanin duwatsu waya takan daina kamawa.