29 ga Yuli: ranar da ta kawo Gowon, ta kuma tafi da shi

In ka bi lissafin Turawa, 29 ga Yuli ranar bikin Yarima Charles da Diana ce a Landan, a 1981. Sai su ƙara da haihuwar Mussolini a 1883, da kafa hukumar NASA a 1958. Ƙanwata kuwa Sanjay Dutt kaɗai ta sani, wanda aka haifa a 1959, sauran duk cikon benci ne a wurinta. Su Turawa lokacin zafi ne gare su, mu nan Jos rigar sanyi muke nema, ga yayyafi tun asuba.

Ni a wajena ranar ta mutanen Filato ce.

A wannan rana a 1966 sojoji suka yi juyin mulkin ramuwar gayya, aka kashe shugaban ƙasa Janar Aguiyi-Ironsi da mai masaukinsa Kanar Fajuyi a Ibadan. Murtala Muhammad na cikin jagororin, amma kujerar ta faɗa hannun Yakubu Gowon, ɗan Angas mai shekara 31 kacal.

Bayan shekara tara cif, a wata 29 ga Yulin, Gowon na Kampala wajen taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka aka tuɓe shi. Muryar da aka ji a rediyo tana sanar da juyin mulkin ita ce har yau take ci wa dattawanmu tuwo a ƙwarya: Kanar Joe Garba, ɗan Langtang, kwamandan rundunar da aka ɗora wa tsaron Gowon ɗin. Kawuna, tsohon ma'aikacin kuza, in an taɓo zancen sai ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Yaro, na gida ne ya buɗe ƙofa." Ni ban cika ganin laifin Garba ba. Gowon ya yi alkawarin miƙa mulki ga farar hula a 1976, ya dawo a 1974 ya ce ba zai yiwu ba. Kuma a wannan karon ba a zubar da jini ba, Murtala ya hau.

Garba ya zama kwamishinan harkokin waje, ya shugabanci Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya a 1989, daga baya ya riƙe cibiyar nazarin manufofi ta Kuru har rasuwarsa a 2002. Filin jirginmu na Heipang kuwa sunan Gowon aka sa masa, shi kuma Murtala aka ba shi titi a tsakiyar gari.